Shekarar da Kamfani Ya Yi Hayar Lasifikokin Gari Don Ya Kulle Su

Samarin yanzu idan suka wuce ta gaban shagona a unguwar Jiddari Polo da ke Maiduguri suka ga akwatunan lasifika a jere, sai su ɗauka aikin nan bai wuce a jona waya a murɗa maɓalli ba. Wani ma ya taɓa ce mini wayar hannunsa da 'yar lasifikar da ya sayo a kasuwa sun isa su yi biki. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, amma ya gayyace ni in zauna a layin baya in ji ko sunan amarya zai iso wurina. Sunana Kyari, a gari ana ce mini Ba Kyari mai lasifika, kuma na tsufa ina sa a ji muryar wasu. Kwanan nan samarin da suka shigo sana'ar suka zo mini da sabon kuka, wai an sake tayar da maganar dokar da za ta taƙaita kuɗin da kamfanoni ke zubawa a yaƙin neman zaɓe, wai idan ta wuce kasuwarmu ta mutu. Ni ban firgita ba. Na ga abin da kuɗin kamfani ya yi wa wannan sana'a da idona, a shekarun da garin nan yake cikin rikici, kuma zan ba ku labarin. Amma sai kun fara jin yadda aikin yake, don wanda bai san aikin ba ba zai gane abin da aka nemi saya a hannuna ba.

Aikina na farko naɗe waya ne. Maigidana, Oga Bitrus, mutumin kudancin Borno ne, mai gyaran rediyo. Ranar Lahadi shi ke haɗa sauti a cocinsu, sauran ranaku kuwa duk inda aka kira shi zuwa yake, ko mauludi ne ko ɗaurin aure ko taron manoma. Da babana ya kai ni wurinsa na zaci gobe-gobe zan hau kan amfilifaya, wato injin da ke ƙara wa murya ƙarfi. Sai ya zube mini tulin wayoyi a ƙasa ya ce in naɗe. Na naɗe a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, ya warware ya ce in sake. Waya tana da yadda take so ta kwanta, idan ka tilasta mata sai ta karye daga ciki, waje lafiya lau, kuma ba za ta tona maka asiri ba sai ranar da mai gari ya riƙe makirfo. Na daɗe ina wannan naɗi har na fara tunanin mutumin nan bawa yake nema ba almajirin sana'a ba. Sai da hannuna ya iya gane karyayyar waya ta hanyar shafa kawai, sannan ya ba ni dalma da ƙarfen liƙi.

Daga nan ya koya mini cikin lasifika. Idan ta ƙone ba ma jefarwa. Za ka ɓamɓare takardar gabanta a hankali, ka ciro zoben da ya ƙone, ka naɗa sabuwar wayar tagulla mai sirantar gashi, layi bisa layi, ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba. Idan ka yi tari a tsakiyar aikin, ka koma farko. Oga Bitrus yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa ko ga surukinsa, ita ce kaya ba sa fita sai da mai su. Za ka iya hayar kujera ka ɗauka ka tafi, za ka iya hayar rumfa, amma ba a hayar lasifika a bar mai ita a gida. Yakan ce mini, “Kyari, abin da muke sayarwa kunnenmu ne. Akwatunan nan rakiya suke yi mana.” Na riƙe wannan har bayan da ya koma garinsu ya bar mini shagon.

Wani biki a Konduga ne ya koya mini fili. Lokacin hanya lafiya, muna zuwa can kusan duk bayan girbi, don manoma idan rumbu ya cika ba sa ƙyashin biki. Na isa da hantsi, na ɗaure lasifikoki masu bakin ƙaho a kan dogonyaro, na jera akwatuna, na gwada sauti a filin da babu kowa. Ya fita tas, har na fara yi wa kaina kirari. Da la'asar mutane suka cika wurin, mata da manyan lafaya, maza da manyan riguna, sai sautin ya nutse kamar an lulluɓe shi da bargo. Jikin mutane da tufafinsu shanye murya suke yi. Ga iska kuma ta juya, tana kwashe maganar maroƙi tana kai wa awakin da ke bayan gari. Na hau bishiya a gaban jama'a da sabuwar rigata na juya bakin ƙahonin. Tun daga ranar, kafin in sauke ko akwati ɗaya sai na tambayi mutum nawa ake sa rai, maza ne ko mata, wa zai yi magana, kuma ta ina iska ke zuwa da yamma a wannan unguwar.

Masu riƙe makirfo kuwa kowa da halinsa. Akwai mai cusa shi a baki kamar zai haɗiye, akwai mai riƙe shi a kan cibiya yana tsammanin cikinsa ne zai yi jawabi. Akwai malamin da zai fara da raɗa, ka ƙara masa sauti, sai ya kai wurin azabar wuta ya kwatsa tsawa ya nemi ƙona maka kaya, don haka dole ka san wa'azin kafin ya iso wurin. 'Yan siyasa su ne masu bugun kan makirfo da yatsa suna hura masa iska, sannan su taka su tsaya daidai gaban akwati, ya yi tsuwwa, su juyo su harare ka. Ban taɓa jin haushinsu ba. Da su muke cin kakar zaɓe, kuma na yi wa kowace jam'iyya aiki. Yau in kafa wa wannan ya zagi wancan, gobe in kafa wa wancan ya rama, a fili ɗaya, da waya ɗaya. Jama'a su saurari duka biyun su koma gida su yanke wa kansu.

Sai rikici ya zo ya rufe mana baki. Aka hana babura, aka sa dokar hana fita, taro ya zama abin tsoro. Mai aurar da 'ya sai ya tara mutum kaɗan a zaure a shafa fatiha a watse. Saitin kayana mafi kyau yana Konduga a gidan wani abokina, na bar shi da niyyar komawa wani biki, hanyar ta rufe, ban sake ganin kayan ba, abokin nawa ma da ƙyar ya iso gari da iyalinsa. A shekarar da ta fi muni, gyaran lasifikar masallatai da coci-coci ne ya riƙe ni, sai kuma sansanonin 'yan gudun hijira inda ake kirana in kafa ƙaho ɗaya don a yi cigiyar 'yan uwa. Na ji zafin wannan shekarar, ba zan ɓoye ba. Amma ban sayar da ko makirfo ɗaya ba.

Da taro ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, sai muka tarar aikin ya sake. A wani ɗaurin aure a unguwarmu, wani mai sauti ya jona waya alhali maɓalli yana sama, akwati ya ce bum. A da dariya za a yi. Ranar nan kuwa kafin ka ƙifta ido fili ya watse, takalma birjik, an kifar da tukunyar abinci, wata tsohuwa ta karye a hannu. Babu abin da ya fashe, amma kunnen mutanen Maiduguri ya riga ya koyi gudu. Daga ranar na kafa wa kaina tsari. Maɓalli yana ƙasa kafin a taɓa kowace waya, inji shi ne na ƙarshe a kunnawa, shi ne na farko a kashewa, janareta kuma can nesa bayan katanga don kada ya yi atishawa a kusa da mutane. Na kuma cire ƙusoshin bayan akwatunana na sa masu buɗuwa da hannu, don a kowane shinge sai jami'an tsaro sun leƙa ciki, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ya ce aikin nan murɗa maɓalli ne, bai taɓa riƙe maɓallin ba a gaban taron da kowa ke kallon ƙofa.

A haka kakar zaɓe ta same mu, kowa a yunwace. Wata safiya ina liƙa takardar wata lasifika sai ga mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani mutum ya fito, mai tsafta, mai ladabi, hularsa a karye daidai. Ya ce shi manaja ne a wani kamfanin kwangila, kuma kamfaninsu yana mara wa wani ɗan takarar majalisar jiha baya, wanda kowa ke kira Onarabul tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Na shimfiɗa masa tabarma, ya yi mini gaisuwar mutanen garinmu.

“Wushe, Ba Kyari. An ce mini duk garin nan babu kunne irin naka.”

“Wushe, Manaja. Masu faɗa sun ƙara gishiri. Me ke tafe da kai?”

“Kayanka muke so, gaba ɗaya, daga yau har a gama zaɓe.”

Ya faɗi abin da za su biya. Ba zan maimaita ba, amma ya isa in maye gurbin saitin da na rasa a Konduga har in yi canji. Na ce alhamdulillahi a raina. Sai na shiga tambayoyin da na saba.

“A wane fili za a fara? Onarabul mai ɗaga murya ne ko mai sanyi?”

Ya yi murmushi. “Kada ka wahalar da kanka. Mun taho da manyan kaya daga Kano a kan tirela, da masu sarrafa su. Naka motarmu za ta zo ta kwashe, mu ajiye a sitonmu. Kai ka huta a gida.”

“To in ba za a kunna su ba, hayar me kuke biya?”

“Ba Kyari, kai babba ne. Kaya idan suna wurinmu, ai ba sa wurin wani.”

A nan na gane cinikin. Ba muryar Onarabul suke so in ɗaga ba, ta sauran suke so in danne. A garin da aka hana babura, aka taƙaita yawo, mutane ba sa tsayawa karanta fosta a bango, ɗan takarar da ba shi da lasifika kamar bai fito ba ne. Na ce masa, “Manaja, duk ranar da Onarabul ke da taro ka aiko, zan zo in kafa masa, kuma ba zai taɓa jin muryarsa da daɗi irin na ranar ba. Amma kayana ba sa fita sai da ni. Idan za ku kulle su a sito, sai dai ku shimfiɗa mini katifa a gefensu.”

Ya yi dariya sosai, don mutum ne mai fara'a. Ya ce ba sa ciniki rabi, ko duka ko babu. Ya ƙara da cewa Onarabul zai ci, kuma bayan zaɓe akwai tarukan gwamnati da yawa, za a tuna da waɗanda suka ba da haɗin kai. Na raka shi har mota, muka rabu da mutunci.

Da yamma sai ga Mala Gana, abokin sana'ata tun muna samari, wanda shagonsa ke wajen hanyar Baga. Ko zama bai yi ba.

“Kyari, me ya shiga kanka? Kowa ya bayar. Ni na bayar, har ƙaramin ƙahon da nake tallan magani da shi sun ɗauka.”

“Na ji.”

“Ba ka jin rediyo ne? Ana ta muhawara a kan dokar nan ta hana kamfanoni zuba kuɗi a siyasa. Idan ta wuce, irin wannan garaɓasa ba za ta sake zuwa ba. A ci yanzu kafin a rufe tukunya.”

Na ce, “Mala, tukunyar da ake ba ka don ka yi shiru, ni ba na sa hannu a ciki.”

“To ka ci shirun naka kyauta. Wa ya rage da zai yi hayar kayanka? Masu kuɗin duk suna gefe ɗaya.”

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Yana da iyali, ga 'yan uwansa da suka gudo daga ƙauye sun cika masa gida. Maganarsa kuma gaskiya ce, don makonni suka shuɗe babu wanda ya leƙo ni. Ina zaune ina jin tirelar Kano tana zaga gari tana girgiza tagogi da waƙar Onarabul. Sauran 'yan takara sai bi gida-gida suke yi, wani tsohon malamin makaranta da ya fito ma na gan shi a bakin kasuwa yana magana da tafin hannu a gefen baki, ko na kusa da shi ba sa ji.

Abin da nake so samarin nan su gane ke nan game da dokar da suke tsoro. Suna ganin kuɗin kamfani yana ƙara mana aiki. A shekarar nan kuɗin kamfani ya shigo sana'armu fiye da kowace shekara, kuma ba a taɓa samun kakar zaɓen da masu lasifika suka zauna a gida irin ta ba. Da, 'yan takara da yawa ne ke kiranmu, kowa da ɗan abin da ya samu, mu yi ta zirga-zirga. Da babban kuɗi ya zo daga wuri ɗaya, sai ya zama abokin ciniki ɗaya ne a gari, shi ke cewa a kunna, shi ke cewa a kashe. Ni ina bayan dokar. Abin da kawai zan ce wa masu rubuta ta shi ne kada su tsaya ga kuɗin da ake miƙa wa ɗan takara a hannu. Su leƙa sito ma.

Wata rana da hantsi wata mata ta sauka daga napep a ƙofar shagona. Tun kafin ta yi sallama ƙanshin bandar kifi ya riga ta shigowa. Ya Falmata ce, shugabar matan da ke tsince kifi da shirya shi a kwali a Kasuwar Kifi ta Baga Road. A lokacin an dakatar da shigo da kifi daga tafki saboda tsaro, kasuwar da ke ciyar da gidaje ba iyaka ta koma wurin zaman hira. Mace ce mai jiki, mai kaifin harshe, ba ta iya kwana-kwana ba.

“Ba Kyari, an ce kai kaɗai ka rage da baki a garin nan.”

“Lale, Ya Falmata. Akwatunan ne ke da baki, ni rakiya nake.”

“To ka rako su kasuwa. Mun samu izinin taro. Mun gayyaci duk masu neman ƙuri'armu su zo su faɗa mana abin da za su yi a kan kifi. Na zaga shago-shago, kowa ya ce kayansa suna siton kamfani. Abin da muka tara ba shi da yawa, kuma na san idan ka yi mana, waɗancan ba za su manta da kai ba. Ka faɗa mini gaskiya yanzu, kada in tara mata ka ba ni kunya.”

Na tambaye ta mutum nawa, ta ina rana ke faɗuwa a filin, da ko akwai bishiya. Ta ce wannan amsa ce ko tambaya. Na ce a wurinmu amsa ce.

Zan faɗa muku tun yanzu yadda lissafin duniya ya ƙare, don kada ku zaci labarin lada nake ba ku. Onarabul ne ya ci zaɓen. Tsawon zamansa a kujera ba a kira ni taron gwamnati ko sau ɗaya ba. Mala Gana ya sayi sabbin kaya da kuɗin hayarsa, ya fi ni girma a sana'a, kuma har gobe muna shan shayi tare. Dokar da aka yi ta muhawara a kanta ma ba mu ga ta hana komai ba a wancan karon. Na san da yiwuwar duk wannan ranar da na ɗora akwatuna a mota na nufi hanyar Baga, kuma da za a mayar da ni ranar, motar nan zan sake hawa.

Filin yana tsakanin rumfunan kwali da layin manyan motocin da suka daɗe ba su motsa ba. Matasan sa-kai suka buɗe bayan akwatunana ɗaya bayan ɗaya suka leƙa, suka caje kowa a bakin shiga. Na kai janareta bayan wata katanga, na ja doguwar waya. Babu bishiya, don haka na ɗaure ƙahoni a kan ƙarfen wata motar kifi, na karkata su ƙasa kaɗan saboda yawancin masu zuwa mata ne kuma a tabarma za su zauna. Na haɗa makirfo biyu, ɗaya na masu jawabi, ɗaya na masu tambaya. Na kunna komai a hankali, babu ko ƙwas. Da sallamar Ya Falmata ta fita ta bugi motocin ta dawo, sai na ga mata suna duban juna suna murmushi. An daɗe ba a ji muryar talaka da ƙarfi haka a wurin ba, ni kaina sai da na ji daɗi har cikin raina.

Tsohon malamin makarantar nan ya yi magana, wani ɗan takarar ma ya yi. Masu dako da masu motoci suka taso daga inda suke, fili ya cika har na ƙara sauti. Ana cikin haka sai ga jerin motoci. Labari ya kai wa Onarabul cewa kasuwar kifi ta taru, shi kuwa ba zai bari a yi taro irin wannan babu shi ba. Tirelar Kano ba ta iya shiga lungun, ta tsaya a titi. Ya shigo da ƙafa da mutanensa, Manaja yana biye, ya gaisa da dattawa, ya miƙa hannu a ba shi makirfo.

Ya Falmata ta matso inda nake zaune a bayan inji, ta sunkuyo.

“Ba Kyari, kashe masa. Su ne suka kulle na kowa. Ya ɗanɗana.”

Hannuna yana kan maɓallin. Na san hanya fiye da ɗaya. Ina iya shaƙe muryarsa ta zama kamar ta ɗan tsako, ina iya sa akwati ya yi ta tsuwwa har ya haƙura, kuma babu wanda zai ce da gangan ne. Raina ya so, wallahi ya so, don na tuna zaman banzan da na yi a shago. Manaja ma ya hango ni, na ga ya sha jinin jikinsa. Amma idan na kashe, na yi da yatsa abin da suka yi da kuɗi, kuma na yi wa kasuwar kifi abin da na ƙi yi wa kamfani.

Na ce, “Ya Falmata, bari ya yi magana kowa ya ji. Ga ɗaya makirfon, naki ne.”

Ta harare ni, ta karɓa.

Onarabul irin masu riƙewa a kan cibiya ne. Na bi shi da sauti, na cire masa amo, na fito da muryarsa sumul har layin motoci. Ya iya magana, ba zan rage masa ba. Ya jajanta, ya yi addu'ar zaman lafiya, ya ce idan ya shiga majalisa maganar kifi ce ta farko a bakinsa, zai kai kukansu har inda ya kamata. Aka tafa masa. Ya juyo ya ɗaga mini hannu alamar sauti ya yi.

Sai Ya Falmata ta miƙe, ta gyara lafayarta, ta riƙe makirfo daidai yadda ake riƙewa, tazarar yatsu kaɗan daga baki.

“Onarabul, mun gode, Allah ya saka. Mun ji alkawarin da ka yi mana, mu da ba mu ba ka komai ba. Tambayata ɗaya ce. Kamfanin da ya biya aka kwashe lasifikokin garin nan aka kulle a sitonsa saboda kai, shi me ka yi masa alkawari? Namu ka faɗa a gaban kowa. Nasa muke so mu ji.”

Onarabul ya ɗago makirfo zuwa bakinsa, karo na farko tun da ya karɓa. Ƙahonina suka ɗauki numfashinsa suka kai har wurin masu dako da ke tsaye a kan motoci. Manaja ya matso ya kai baki kusa da kunnensa, bai lura da abin da ke hannun maigidansa ba, sai duk kasuwa ta ji raɗar tas: “Ranka ya daɗe, kada ka amsa. Mu tafi.”

Babu wanda ya yi dariya. Mata suna zaune suna kallonsa, suna jira. Ni kuma na ɗauke hannuna daga kan maɓallin, na bar sautin a inda yake.